Hoton Shaho: A San Ɓarawon Kaji, A San Abokin Manomi

A wurin mai kiwon kaji, duk tsuntsu mai lanƙwasasshen baki da faratai shaho ne, duk shaho kuwa ɓarawo ne. Saboda haka ana harbinsu da danƙo, ana rushe sheƙarsu, wani lokaci har a sa musu guba. Amma ba duka suke ɗaukar 'yan tsaki ba. Da yawa daga cikinsu abincinsu ɓera ne da fara, watau maƙiyan hatsinmu. Hanya mai sauƙi ta rarrabe su ita ce a ɗauki hotonsu, a zauna a duba shi tare. Yanzu da wuya a sami ƙungiyar manoma wadda ba mai waya mai ɗaukar hoto a cikinta. To, ga yadda za a yi.

Su wane ne a kewayen Sakkwato?

Na fari ita ce shirwa, wadda kowa ya sani. Tana da wutsiya mai baki biyu, takan yi ta shawagi a bisa mayanka da kasuwar Kara. Takan suri ɗan tsako, gaskiya ne, amma tana kuma kwashe mushe da gina da fara. Na biyu shi ne babban shaho mai tsinin fukafukai, mai baƙin zane a gefen baki kamar gashin baki. Shi ne mai kama tantabara a sama, yakan kuma taɓa kaji.

Sauran kuwa abokanmu ne. Akwai wani ƙarami mai farin ƙirji da baƙaƙen kafaɗu da jajayen idanu. Yakan tsaya cik a sama yana kaɗa fukafukai, sa'an nan ya faɗo a kan ɓera. Akwai wani mai jan fiffike wanda yakan hauro daga kudu da damina, babban abincinsa kuwa fara. Akwai kuma baƙi daga Turai, masu dogon fiffike da doguwar wutsiya. Sukan iso wajen watan Oktoba, su koma wajen Maris ko Afrilu. Za ka gan su suna tafiya ƙasa-ƙasa bisa ciyawa da fadama suna tsintar fara. Har ila yau akwai wani ƙaramin shaho mai jan kai wanda yake son bishiyar giginya ƙwarai, a cikinta yakan yi sheƙa.

Me ya sa abin ya zama na gaggawa?

Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga irin waɗannan tsuntsaye a gefen hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973. Ya sāke bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun daji. A 2015 aka sa ungulun nan ta cikin gari a jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa. A 2024 kuma wani babban bincike ya duba iri 42 na tsuntsaye masu farauta a Afirka, ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 nasu raguwa suke yi. Dalilan su ne saran manyan itatuwa, da guba, da kamu domin sayarwa ga masu magani. Ku tambayi dattawanku yawan ungulun da suke gani a mayanka a dā, ku gwada da na yau. Inda mai cin ɓera ya ƙare, ɓera ne yake cin riba.

Yadda ake ɗaukar hoton

Lokaci mafi kyau shi ne da sassafe zuwa hantsi, ko kuwa bayan la'asar. Da tsakar rana haske yakan yi yawa, inuwa ta rufe fuskar tsuntsun. Ran da hazo ya yi kauri lokacin hunturu, hoton zai fito fari-fari, gara a haƙura.

Ka sa rana a bayanka. In ka fuskanci rana, tsuntsun zai fito baƙi ƙirin, ba wanda zai gane shi.

Kada ka nufe shi kai tsaye. Ka bi ta gefe sannu-sannu, kamar mai tafiya gona, ba ka kallonsa. Tsuntsayen nan sun saba da mai fartanya da mai amalanke, amma suna gudun mai zura musu ido. Shaho yakan koma reshen da ya saba, saboda haka wanda ya zauna shiru a gindin itace ya fi mai bin sa samu.

Ka nemi wuraren da suke sauka: turakun wutar lantarki, da busassun rassa, da bakin fadama irin ta Kwalkwalawa a gefen gulbin Rima, da wajen tafkin Kware. Gawo yana da amfani a nan, gama yakan zubar da ganye da damina, duk tsuntsun da ya sauka a kansa sai a gan shi sarai.

In kana da tabarau mai hangen nesa, ka ɗora idon wayar a kan bakinsa, ka jingina hannunka a bango ko itace. Wannan ya fi ja da yatsa a fuskar waya, gama jan yatsa yana dusashe hoto. Mai babbar kyamara, in yana son tsuntsu a tashe, sai ya sa ta ƙifta da saurin kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ko fiye.

Yadda ake duba hoto a taro

Ran taron ƙungiya, a kawo hotunan a bi su ɗaya-ɗaya da tambayoyin nan:

1. Idon tsuntsun ya fito sosai? In ido ya dusashe, hoton ya rasa rai. Launin ido kuma yana taimako wajen gane irin tsuntsun.

2. Dukan jikin ya shiga? Wutsiya da ƙafafu da bakin fiffike su ne shaida. Wanda ya yanke wutsiyar shirwa ya yanke sunanta.

3. Me yake bayansa? Rassa da wayoyi masu yawa sukan ɓatar da tsuntsun. A kuma bar ɗan fili a gefen da yake kallo.

4. Me yake riƙe da shi? Hoton da ya nuna ɓera ko fara ko ɗan tsako a faratansa ya fi goma masu kyan gani, ko da bai fito tas ba.

5. An rubuta rana da wuri? Hoton da ba shi da kwanan wata ado ne kawai.

6. Tsuntsun a natse yake? In hoton ya nuna uwa ta tashi a firgice daga sheƙa, ko tsuntsu ɗaure da zare a ƙafa, kada a yaba shi kome kyansa. Ƙwai da aka bari cikin zafin Sakkwato na watan Afrilu ba ya jimawa ya lalace.

Mai gyara ya fara da abin da ya yi kyau, sa'an nan ya faɗi abu ɗaya da za a gyara. Hoto ake dubawa, ba mai hoto ba. Yaron da aka kunyata yau ba zai kawo wani gobe ba.

Ina amfanin hotunan?

Bayan shekara guda ƙungiya za ta san tsuntsun da yake zuwa gonakinta, da watan zuwansa, da abin da yake ci. Akwai kuma cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a Laminga kusa da Jos, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Jos. Ita take jagorar aikin tattara labarin inda kowane tsuntsu yake a Nijeriya, da taimakon masu sa kai. Hoto mai rana da wuri daga Sakkwato shaida ce da irin wannan aiki yake bukata.

Gargaɗi biyu. Kada a ɗauki hoto kusa da bariki ko filin jirgin sama, kada kuma a shiga dajin da ba lafiya domin tsuntsu. Game da 'yan tsaki kuwa, maganin shirwa ba danƙo ba ne, akurki ne. A rufe su da kwando ko raga har su yi mako shida, a bar musu wurin ɓuya a tsakar gida. Rashin sani ya fi dare duhu. Kafin a ɗaga danƙo, a fara ɗaga waya.