Kunshin Farawa na Advanced Squad Leader

Kunshin Farawa na Advanced Squad Leader, wanda ake sayarwa da sunan ASL Starter Kit, jerin ƙananan wasannin yaƙi ne na kan tebur da kamfanin Multi-Man Publishing na jihar Maryland a Amurka ya fara fitarwa a shekarar 2004. An shirya su ne domin koya wa sababbin 'yan wasa tsarin Advanced Squad Leader, ko ASL a taƙaice, wanda ake lissafa shi cikin wasannin tebur mafi yawan dokoki da wuyar koyo. Kowane kunshi yana ɗauko wani yanki na dokokin babban wasan, ya haɗa shi da taswira da 'ya'yan wasa da ƙwayoyin ludo, ta yadda mutum biyu za su iya fara bugawa ba tare da sun sayi wani abu daban ba.

Asali

Wasan da ya haifi ASL shi ne Squad Leader, wanda John Hill ya tsara, kamfanin Avalon Hill na birnin Baltimore ya buga a 1977. Wasan yana kwaikwayon ƙananan fafatawa na Yaƙin Duniya na Biyu, inda ake gwabzawa a kan gida ɗaya, ko tudu, ko mararraba. An tsara littafin dokokinsa hawa-hawa: ɗan wasa zai karanta 'yan shafuka ya buga fafatawa ta farko, sannan ya ƙara karatu ya buga ta biyu, har ya kai ta goma sha biyu. Wannan tsari ya sa mutane da yawa suka iya koyon sa su kaɗai.

Bayan haka an fitar da ƙarin akwatuna uku: Cross of Iron, Crescendo of Doom da GI: Anvil of Victory. Kowanne ya zo da sababbin dokoki, wasu kuma suka sauya na baya, har dokokin suka warwatsu cikin littattafai huɗu. Don magance wannan ne Avalon Hill ya fitar da Advanced Squad Leader a 1985 ƙarƙashin jagorancin Don Greenwood. An tattara dokokin a babban fayil mai zobba, domin a iya cire shafi a sa sabo idan an yi gyara.

Sai dai gyaran ya zo da tasa matsalar. Sabon littafin an rubuta shi ne kamar kundin shari'a, sashe-sashe da lambobi da gajerun kalmomi, kuma ba a jera shi yadda mai koyo zai bi daki-daki ba. Haka kuma littafin kaɗai bai isa a yi wasa ba. Sai an sayi akwatin Beyond Valor mai ɗauke da sojojin Jamus da na Tarayyar Sobiyet. A 1986 an fitar da ƙaramin akwati mai suna Paratrooper tare da babin horarwa, amma shi ma yana buƙatar babban littafin.

A 1998 kamfanin Hasbro ya sayi Avalon Hill, daga baya ya ba Multi-Man Publishing lasisin ci gaba da buga ASL. Cikin masu wannan kamfani har da Curt Schilling, shahararren ɗan wasan ƙwallon besbol. Babban abin da ya fuskance su shi ne ƙarancin sababbin shiga: kuɗin farawa da yawa, karatu da yawa, kuma wasu akwatunan sukan ƙare a kasuwa na tsawon lokaci. Wasan da ake bugawa mutum biyu kuwa, idan ba a samun sababbin hannu, tsofaffin 'yan wasa ma sukan rasa abokin karawa. Kunshin Farawa, wanda Ken Dunn ya tsara, shi ne amsar da kamfanin ya bayar.

Jerin kunshin

Kunshi na 1 ya fito a 2004. Ya ƙunshi sojojin ƙafa kawai na Amurka da Jamus da Tarayyar Sobiyet, da taswira biyu, da fafatawa shida, da littafin dokoki mai shafi 12.

Kunshi na 2 ya fito a 2005. Ya ƙara igwa da sauran manyan bindigogi, ya kuma shigo da sojojin Birtaniya da Italiya.

Kunshi na 3 ya fito a 2007. Ya ƙara tankokin yaƙi da motoci masu sulke.

Kunshi na 4 ya koma fagen daga na tekun Pasifik, inda sojojin Japan ke karawa da na Amurka.

Akwai kuma Decision at Elst, wanda ya yi amfani da dokokin Kunshin Farawa wajen kwaikwayon faɗan da aka yi a garin Elst na ƙasar Holan a watan Satumba na 1944, a kan taswirar da aka zana daga ainihin wurin.

Kowane kunshi cikin huɗun yana tsaye da ƙafarsa. Littafin na 3, alal misali, ya maimaita dokokin na 1 da na 2 kafin ya ƙara nasa. Duk da haka an fi ba mai koyo shawarar ya fara da na 1.

Yadda ake wasa

An raba taswirar zuwa gidaje masu kusurwa shida, kowane gida yana wakiltar mita 40, kowane zagaye kuma minti biyu na faɗa. 'Ya'yan wasan ƙananan kwalaye ne masu kusurwa huɗu. Ɗaya yana iya zama rukunin soja kimanin goma, ko jagora guda, ko makami. A jikin kowane rukuni akwai lambobi uku. Rukunin Jamus mai 4-6-7 yana da ƙarfin wuta 4, harbinsa yana kai gida 6, ƙarfin zuciyarsa kuma 7. Na Amurka mai 6-6-6 ya fi shi wuta amma ya fi saurin karaya.

Idan rukuni ya yi harbi, ana jefa ƙwayoyin ludo biyu, a ƙara lambar kariyar wurin da abokin gaba yake: 1 ga kurmi, 2 ga gidan katako, 3 ga gidan dutse. Ƙaramar lamba ita ce mai kyau ga mai harbi. Sai a duba jadawali a ga sakamako. Galibi ba mutuwa ake samu ba, gwajin ƙarfin zuciya ne: wanda aka harba zai jefa ƙwayoyin, idan jimillar ta wuce lambarsa ta uku, ya karaya. Sai a kifa kwalin, rukunin ya gudu neman mafaka, ba zai koma faɗa ba sai ya farfaɗo, yawanci da taimakon jagora. Wannan shi ne ginshiƙin ASL baki ɗaya: soja ba ya bin umarni kamar ɗan dara, yana iya tsorata a lokacin da aka fi buƙatarsa.

Kowane ɗan wasa yana bin matakai takwas a nasa juyin: farfaɗo da waɗanda suka karaya, harbin share fage, tafiya, harbin mai tsaro, harbin waɗanda suka yi tafiya, gudun karayayyu, matsawa gida ɗaya, sai faɗan gaba da gaba. Kunshin Farawa bai taɓa wannan jeri ba, don haka wanda ya iya shi ya riga ya riƙe ƙashin bayan babban wasan.

Hanyar koyarwa

Dabarar kunshin ita ce ragi, ba sauyi ba. An cire wasu dokoki gaba ɗaya, waɗanda aka bari kuma an bar su kusan yadda suke a babban littafi, da sunayensu da lambobinsu. Daga cikin abin da aka cire a kunshi na 1 akwai maharban ɓoye, da ɓoye rukuni daga idon abokin gaba, da benaye masu hawa da yawa, da ratsawa ta gefen gini.

Fafatawar ma an jera su daga sauƙi zuwa wuya. Ta farko, Retaking Vierville, tana nuna sojojin laima na Amurka da na Jamus a Normandi ranar 7 ga Yuni 1944, kuma babu komai a cikinta sai rukunoni da jagorori. Ta biyu, War of the Rats, tana faruwa a Stalingrad a 1942, ita ce ta shigo da bindigogi masu ruwan harsashi da makamin fesa wuta. Ta haka aka dawo da salon koyo hawa-hawa na Squad Leader na 1977.

Tasiri da muhawara

Kunshin ya rage kuɗi da lokacin da ake buƙata kafin a buga wasan farko, ana kuma iya buga shi ta intanet da manhajar VASL. Amma ya haifar da abin da ba a nufa ba tun farko: 'yan wasa da dama sun tsaya a nan, suna ɗaukar Kunshin Farawa a matsayin cikakken wasa. Wasu tsofaffin hannu suna ganin hakan ya raba jama'ar wasan gida biyu, suna kuma cewa wanda ya saba wasa ba tare da ɓoye rukuni ko maharbin ɓoye ba yakan koyi dabarun da ba za su yi aiki a babban wasan ba. Masu goyon baya kuwa suna cewa yawancin waɗannan mutane da ba su taɓa kusantar ASL ba in ba don kunshin ba. Kamfanin ya ci gaba da buga ƙarin fafatawa don masu Kunshin Farawa, wasu gasannin ASL ma suna ware musu ɓangare nasu.

Makamantansa

Wasu kamfanoni suna bin irin wannan hanya. Games Workshop na birnin Nottingham a Ingila yana sayar da akwatunan farawa na Warhammer 40,000 masu ɗauke da ƙananan rundunoni biyu na mutum-mutumin roba da ake haɗawa ba tare da gam ba. Catalyst Game Labs ma yana da Beginner Box na wasan BattleTech mai taƙaitattun dokoki. Bambancin shi ne a Warhammer babban nauyin mai farawa shi ne saye da haɗawa da fentin runduna, a ASL kuwa nauyin yana kan dokoki.