Tsadar Abinci da Gidajen Masu Bi a Arewacin Zamfara

'Yan'uwa, a yawancin gidajenmu yau kuɗin cefane ne ke cinye mafi girman abin da maigida da uwargida suka samu. A taron dattawa, a zumuntar mata, har a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada, maganar ke nan: tiya ta ƙara kuɗi, man girki ya ƙara kuɗi, albashi kuwa yana nan inda yake. Wasu sun soma zargin kansu da rashin bangaskiya. Wasu mazan suna zargin matansu da ɓarna. Saboda haka yana da kyau mu duba inda tsadar ta samo asali, mu ɗauki Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi a matsayin misali, domin a can ne abin ya fi fitowa fili.

Wannan yanki ƙasar noma ce tun da daɗewa. Gero da dawa da wake da gyaɗa suna yi a tudu, shinkafa da albasa suna yi a fadamun gulbin Gagare da Bunsuru. Dalilin da ya sa Turawa suka ja layin dogo har Kaura Namoda a 1929 ke nan, don a kwashi gyaɗa da auduga zuwa kudu. Kasuwar Shinkafi da ke ci ranar Alhamis tana tara fatake daga Sakkwato da Katsina da Jamhuriyar Nijar. To, yaya aka yi wurin da ke ciyar da wasu ya zama wurin da tuwon dare ke gagarar mutane?

Abu na farko shi ne gona. Shekaru da dama ke nan 'yan bindiga suna hana manoma zuwa gonakin da ke nesa da gari. A wasu ƙauyuka sai an biya su haraji kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. Ƙauyen da ya kasa biya yakan watse, mutanensa su taru a cikin Shinkafi ko Zurmi ko Kaura. Manomin da a da yake kawo buhuna kasuwa ya sayar, yanzu shi ma yana cikin layin masu awo da tiya. Hatsin ya ragu, masu saye sun ƙaru. Ko ba a yi komai a Abuja ba, wannan kaɗai ya isa ya ɗaga farashi.

Sai kuma hanya. Direban da zai bi ta Kaura zuwa Shinkafi, ko ta Zurmi zuwa Jibiya, ya san yana saka ransa da motarsa cikin haɗari, don haka kuɗin ɗaukar buhu ba zai zama kamar na dā ba. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha, a ƙarƙashin Gwamna Bello Matawalle, ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya, da nufin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya. Ko me mutum zai ce game da wannan mataki, talakan da ke sayar da akuya ya sayi hatsi ya ji jiki a lokacin.

A kan waɗannan ne matsalolin ƙasa baki ɗaya suka zo suka hau. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira, darajarta ta faɗi, taki da maganin feshi suka yi tsada. Bayan juyin mulkin Nijar a watan Yuli na wannan shekara aka rufe iyaka, ba a buɗe ta daga ɓangaren Najeriya ba sai Maris 2024, alhali Zurmi da Shinkafi da cinikin iyaka suka saba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Yuni 2024 farashin abinci ya ƙaru da sama da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Ma'ana, cefanen da naira 10,000 ta yi a Yunin 2023 sai da kusan 14,000 a Yunin da ya biyo. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yuli 2024, amma gwauruwa mai sayar da ƙosai da ɗan acaɓa ba sa cikin masu karɓar albashi. Daga baya farashin wasu hatsi ya ɗan sauka, mun gode wa Allah, sai dai bashin da gidaje suka ci da dabbobin da suka sayar ba su dawo ba.

Mun kawo wannan duka ne domin maigida ya daina ɗora wa matarsa laifin abin da ya faro daga daji da gidan mai. Uwargidan da aka ba kuɗin bara ta yi cefanen bana da shi ba za ta iya yin mu'ujiza ba. Gara su zauna tare su rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita a wata, kowa ya gani da idonsa.

Akwai wani abu da ke faruwa a tukunya wanda ba a lura da shi da wuri. Idan kuɗi ya gaza, ba tuwon ake fara ragewa ba, miyar ce. Nama ya tafi, kifi ya bi, sai man ja, sai wake. Tuwon yana nan, ciki yana cika, babba yana iya jurewa. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ba ya iyawa, domin cikinsa ƙarami ne, jikinsa kuma yana kan ginuwa. A watan Yuni 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya ta jiha sun auna dubban yara a Shinkafi da Zurmi, suka tarar ɗaya cikin kowane huɗu yana fama da tamowa. Iyayen yaran nan da yawa suna ba su abinci kullum. Abin da ke cikin abincin ne bai isa ba.

Saboda haka idan dole ne a rage wani abu, kada a fara da kwanon yara da na mai ciki da mai shayarwa. Ƙuli-ƙuli da daddawa da zogale da kuka da waken suya sun fi nama araha, kuma suna gina jiki. Matan zumunta da yawa sun iya haɗa garin gero da waken suya da gyaɗa a soya a niƙa a dama wa yaro kunu. Wadda ta iya ta koya wa wadda ba ta iya ba. In kuwa aka ga yaro yana ramewa, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ƙafafunsa sun kumbura, a yi masa addu'a a kuma kai shi asibiti a ranar. Abincin tamowa da ake bayarwa a leda magani ne na wannan yaron. Ba na rabawa da yayyensa ba ne, balle a kai kasuwa.

Yanzu bari mu zo ga abin da ya fi shafar ikkilisiya. Yunwar ƙasarmu tana da kalanda. Hatsi ya fi araha da kaka, daga shigowar sabon gero har zuwa girbin dawa a Nuwamba da Disamba. Daga bazara ya soma hawa, ya kai ƙololuwa a tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare kuma sabo bai nuna ba. Kowa ya san haka. Yusufu sai da Allah ya bayyana masa ma'anar mafarkin Fir'auna kafin ya san shekarun yunwa suna zuwa, ya ba da shawarar a ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona (Farawa 41). Mu ba mu bukatar mafarki, domin kowace shekara muna gani.

Duk da haka a majami'u da yawa, ranar godiyar kaka ana tara buhuna da dammuna a gaban bagade, a yi gwanjonsu a ranar, a daidai lokacin da hatsi ya fi arha, kuɗin kuma ya tafi ga siminti ko kayan kiɗa. Watanni takwas bayan haka sai a tsaya a yi sanarwar baiko na musamman domin gwauraye, a je kasuwa a sayi hatsin nan da tsada. A ganinmu wannan lissafi bai yi ba. Da dattawa za su keɓe ko da rabin hatsin godiya su adana shi har damina, da an ciyar da gidaje fiye da haka ba tare da an ƙara roƙon kowa ba.

Lissafin ba shi da wuya. A ce gida yana cin tiya ɗaya a rana, buhu kuma yana ɗaukar tiya 40. Buhu uku za su riƙe gidan kwana 120, wato daga Yuni zuwa Satumba. Ikkilisiyar da ta san tana da gidaje biyar da ba za su iya ba, ta san adadin buhunan da take nema tun Disamba. Da yawa cikin masu bi a waɗannan garuruwa ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kaura, ba su da gona, saye suke yi. Su ma za su iya haɗa adashi su sayi buhu da kaka su raba, maimakon awon tiya-tiya a watan Agusta. Wake ya fi saurin cin ƙwari, amma buhun PICS mai ninki uku, ko jarka mai tsabta da aka cika aka toshe bakinta sosai, suna riƙe shi watanni ba tare da magani ba. Kada a zuba fiya-fiya a abincin da mutane za su ci. Kuma a irin yanayin da ake ciki, ba hikima ba ce a tara komai a ɗaki ɗaya da kowa ya sani. A raba shi a gidaje biyu ko uku na amintattu, a rubuta.

Wani zai tambaya, to ina bambancin wannan da ɓoye hatsi? Karin Magana 11:26 ta nuna cewa jama'a suna la'antar mai riƙe hatsi, suna sa wa mai fitowa da shi albarka. Bambancin yana ga nufi. Yusufu ya tara ne domin ya buɗe rumbunan sa'ad da yunwa ta zo. Mai ɓoyewa yana jiran yunwar ta ƙara tsanani ne domin ribarsa ta ƙaru. Ɗan kasuwa mai bi yana da 'yancin cin riba, amma annabi Amos ya yi kakkausar magana a kan masu rage mudu, masu ƙara farashi, masu haɗa ƙaiƙayi cikin alkama su sayar wa matalauci (Amos 8:4-6). Tiyar da aka bubbuga gindinta ta shiga ciki tana cikin wannan hukunci. Haka kuma mai ba ɗan'uwa buhu ɗaya da damina ya karɓi biyu da kaka ya karanta Nehemiya 5, inda mutane suka jinginar da gonaki da gidaje don hatsi, Nehemiya ya tara manya ya sa suka mayar.

Rabon ma yana bukatar tsari. Gunaguni na farko da aka rubuta a ikkilisiyar Urushalima a kan rabon abincin gwauraye ne, har manzanni suka sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su riƙe aikin (Ayyukan Manzanni 6:1-6). Abin lura, ƙorafin ya bi layin harshe ne, masu jin Helenanci da masu jin Ibrananci. Majami'unmu na Zamfara cike suke da kabilu dabam-dabam, don haka kwamitin da duk 'yan gari ɗaya ne zai jawo magana ko da ya yi gaskiya. A sa mata a ciki, domin su ne suka san gidan da ba a hura wuta ba jiya. A kai hatsin gida da yamma a asirce. Kiran sunan mabukaci daga kan bagade yana sa wasu su gwammace yunwa. Maƙwabcinmu Musulmi da ya gudo daga ƙauye ba a cire shi ba, gama Galatiyawa 6:10 ta fara da dukan mutane kafin ta ambaci iyalin bangaskiya.

Ga masu wa'azi kuma, a yi hankali da yadda ake maganar baiko a wannan lokaci. Bulus ya koyar cewa Allah yana karɓar kyauta gwargwadon abin da mutum yake da shi (2 Korintiyawa 8:12), ya kuma ɗora wa mai bi nauyin kula da iyalinsa (1 Timoti 5:8). Ba daidai ba ne a sa uwa ta ji kunya don ta sayi garin kunun ɗanta maimakon ta cika ambulan.

Nauyin nan ya fi ƙarfin ƙananan majami'un Shinkafi da Zurmi su kaɗai. Sa'ad da Agabus ya yi annabcin yunwa a zamanin Kalaudiyas, masu bi na Antakiya ba su jira ta iso ba, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, aka aika wa dattawan Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu (Ayyukan Manzanni 11:27-30). Ikkilisiyoyin Gusau da Zariya da Kaduna da Jos da ke son yin haka su tuntuɓi shugabannin gundumarsu tun watan Oktoba. Saboda halin hanya, aika kuɗi a sayi hatsin a kasuwar da ta fi kusa ya fi ɗora buhuna a mota, kuma kuɗin ya isa hannun dattawan can kafin dawa ta ƙare a masussuka.