Daga Sarkin Samari Zuwa Shugaban Ɗalibai: Ƙungiyoyin Matasa a Karkarar Kano

Ƙungiyar samari ta gargajiya ita ce haɗuwar matasan gari ɗaya waɗanda suka tasa amma ba su kai ga riƙe gida ba, su naɗa wa kansu shugaba, su yi aiki tare, su yi wasa tare, su hukunta wanda ya saɓa a cikinsu. 'Yan mata ma suna da tasu. A ƙasar noma ta arewacin Kano, wato su Ungoggo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta da Makoɗa har Kunchi da Tsanyawa, wannan tsari ya girmi makarantar boko nesa ba kusa ba, kuma yanayin wurin ya taimaka masa. Ƙasa ce mai yawan jama'a, gona na jingine da gona, ba saura ba daji, sai gawo da kuka da ɗorawa a tsakiyar shuka, kuma da wuya mai tafiya a ƙasa ya yi nisa bai tarar da wani gari ba. Inda garuruwa suka kusanci juna haka gasa ba ta ƙarewa. Samarin wannan gari kullum suna auna kansu da na wancan a noma da kokawa da dambe da adon sallah, gasa kuwa ba ta yiwuwa sai da jagora.

Jagoran shi ne sarkin samari. Tsararsa ne ke fitar da shi, dagaci ko mai unguwa ya sa albarka, wani lokaci har a naɗa masa rawani. Abin da ake dubawa shi ne iya magana da haƙuri da sakin hannu da ƙwazo a gona, don haka ɗan talaka yana iya shugabantar ɗan mai kuɗi ba a ga abin mamaki ba. Shi kuma sai ya raba muƙamai irin na fada: waziri da galadima da alƙali da dogari. Da Turawa suka zo, samari ba su ɓata lokaci ba suka ƙara gwamna da razdan da di'o da joji da likita, kowa da irin shigarsa. Wasa ne, amma wasan da ake koyon mulki a cikinsa. Wanda ya ƙi fita aiki ko ya yi wa na gaba rashin kunya, alƙalin samari zai ci shi tarar goro ko 'yan kuɗi. Hukunci mafi tsanani shi ne ƙauracewa, domin saurayin da aka ƙaurace wa ya san ranar aurensa ba mai raka shi, ba mai kama masa ginin ɗaki.

Babban aikin ƙungiyar shi ne gayya. Saurayi yana yini a gandun mahaifinsa daga safe zuwa azahar, da yamma ya leƙa gayaunarsa, amma akwai aikin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, musamman noman farko idan ciyawa ta taso gaba ɗaya. Mai gona sai ya kai wa sarkin samari goro, a sa rana. Ranar da aka sa, makaɗan noma su zo da ganga, kowa ya kama kuyyarsa, ana yi wa gwanaye kirari, mata suna kawo fura da kunu bakin gona. Wanda zai yi aure yana gayyato abokansa su nome gonar surukinsa, kuma yawan waɗanda suka amsa shi ne shaidar matsayinsa a idon dangin yarinyar. Gonar marar lafiya da ta tsohon da ba shi da ɗa ana nome su ba a jiran goro. Haka nan yashe rijiya da gyaran maƙabarta da yaɓen masallaci da cike zaizayar hanya, duk samari ake kira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan maganar ba misali ba ce, don jinkar ma su ke ɗorawa.

Idan kaka ta yi, an kai amfani rumbu, sai kalankuwa. Samarin gari su tara kuɗi, su ɗauko makaɗa, su gayyaci na garuruwan maƙwabta, a kwana ana wasa. A nan ne gwamna da joji na wasa ke zama a kan kujera, a kawo ƙara, a yanke hukunci, jama'a na dariya. Ba kowace dariya ce ta banza ba, domin sau da yawa abin da ake kwaikwayo shi ne halin mai karɓar haraji ko na alƙalin gaske, wanda ba mai iya faɗa a fili.

Tsarin 'yan mata ya fi na samari gajeren zango, saboda aure na ɗauke su da wuri, amma ya fi shi daɗewar tasiri. Suna da shugabarsu, wasu wuraren a ce sarauniya, wasu magajiya, ita ke tsara gaɗa a dandali da tafiya kasuwa da karɓar baƙi ranar wasa. Ainihin ƙarfin yana cikin ƙawance. Yarinya takan ƙulla ƙawance da tsararta ta hanyar kyauta da ramuwa, ko ta sami wadda ta girme ta ta zama yayarta ta rana. Ranar aure ƙawaye ne ke ɓoye amarya kafin kamu, su zauna da ita kwanakin lalle, su raka ta ɗakinta, su tsaya kai da fata sai abokan ango sun yi sayen baki. Bayan aure dandali ya ƙare, sai biki ya gaje shi: abin da mace ta kai wa ƙawarta ranar suna ko auren 'ya, za a mayar mata da ƙari idan nata ya zo, a yi ta ninkawa har ya yi nauyi a yanke a sake daga ƙasa. Adashi ma a kan wannan amana yake tafiya. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954 daga bakin wata dattijuwar Bahaushiya da ta tashi a ƙauyukan iyakar Kano da Zazzau, ya bayyana yadda irin wannan ƙawance ke bin mace daga aure zuwa aure, har ya fi wasu auren ɗorewa.

Abubuwa da dama suka haɗu suka raunana tsohon tsarin. Gonaki sun ƙanƙance saboda rabon gado, har ya zama gayya da ciyar da mutanenta ta fi ɗaukar 'yan ƙwadago tsada. Cin rani ya kwashe samari zuwa birni da Kudu daidai lokacin da ake wasannin kaka. Siyasar shekarun 1950 ta raba gari biyu, 'yan NEPU da Rundunar Samarin Sawaba a gefe, 'yan NPC a gefe. Wa'azi ya yi tir da cuɗanyar maza da mata a dandali, makarantun Islamiyya na dare suka ɗauke 'yan mata, ƙungiyoyin agaji na Fityanul Islam da na Izala suka ba samari kaki da muƙami da fareti. A Nijar abin ya bi wata hanya daban, domin gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau a 1974, ta rungumi Samariya ta mai da ita hannun hukuma a kowane gari.

Sai makaranta ta buɗe sabon dandali. Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, aka kuma sa mata suna Barewa a 1971, ita ta fara nuna abin da zama tare a makarantar kwana ke haifarwa: Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk can suka fito, kuma ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta ta daɗe tana da faɗa a ji a Arewa. 'Ya'yan karkarar Kano sun shigo wannan sahu da yawa ne bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977. Yau ɗan Makoɗa ko Tsanyawa da ya sami gurbi a Jami'ar Bayero, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da ke Ɗambatta, abin da ya fara nema shi ne 'yan garinsu. Kusan kowace ƙaramar hukuma tana da ƙungiyar ɗalibanta, a samansu akwai ta ɗaliban jihar Kano, wato NAKSS, a gefe kuma ga Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, MSS, wadda aka kafa a Legas a 1954.

Amfanin waɗannan ƙungiyoyi ya fi bayyana ga wanda shi ne na farko a gidansu da ya taka babbar makaranta. Su ke nuna masa yadda ake rajista, su ba shi gefen katifa kafin ya sami ɗaki, su ba shi tsofaffin takardun jarrabawa, su yi masa karo-karo idan kuɗin makaranta ya gagara. Su ke bin sawun tallafin karatu a sakatariyar ƙaramar hukuma, lokacin hutu kuma su koma gida su koyar da ƙannensu masu shirin jarrabawar fita sakandare. Ga ɗaliba kuwa, sau da yawa kasancewar 'yan garinsu a makarantar ne ke sa mahaifi ya yarda ta tafi. Tsohuwar al'ada ma ba ta ɓace ba: a ranar al'adu har yanzu ana naɗa sarkin ɗalibai da waziri da galadima, da rawani da alkyabba da 'yan dogarai.

A Amurka irin wannan buƙata ce ta haifar da ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai masu suna da haruffan Girka. Ta farko, Phi Beta Kappa, an kafa ta a 1776 a Kwalejin William and Mary, ta mata ta farko kuma a 1851 a wata kwalejin mata da ke Macon ta jihar Jojiya. Da yake an daɗe ana hana baƙar fata shiga, sai suka kafa nasu, Alpha Phi Alpha a Jami'ar Cornell a 1906, Alpha Kappa Alpha ta mata a Jami'ar Howard a 1908. Martin Luther King ɗan Alpha Phi Alpha ne, Kamala Harris 'yar Alpha Kappa Alpha, Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah kuwa sun shiga Phi Beta Sigma lokacin karatunsu a can. Suna da gidajen kwana, suna tara kuɗin taimako, tsofaffinsu suna buɗe wa sababbi ƙofar aiki. Amma shiga sai an zaɓe ka, akwai rantsuwa da sirri, kuma gwale-gwalen da ake yi wa sabon shiga, musamman tilasta shan giya, ya kashe ɗalibai har majalisar ƙasar ta yi dokar yaƙi da shi a 2024.

Nijeriya ta ɗanɗani nata. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan don adawa da ƙabilanci da girman kan masu kwaikwayon Turawa. Daga baya aka yi ta ɓallewa da kafa sababbi: Buccaneers a 1972, sannan wadda aka fi sani da Black Axe a birnin Benin a 1977. Zamanin mulkin soja makamai suka shigo, ita Pyrates ta janye daga harabar jami'o'i a 1984, amma aikin gama ya gama. A ranar 10 ga Yuli 1999 'yan asiri suka kashe ɗalibai biyar a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife, cikinsu har da sakataren ƙungiyar ɗalibai. Bai kamata Bakano ya karanta wannan ya ce abin Kudu ne kawai ba. Daba ma daga ƙungiyoyin farauta da tauri ta samo asali, masu shugabanni da ƙa'idoji, kafin bangar siyasa da ƙwaya su mai da ita abin da ta zama.

Idan aka jera su, bambancin yana wuri biyu: yadda ake shiga, da kuma wanda ke gani. Ƙungiyar samarin ƙauye ba ta tace kowa, shekaru da zaman gari su ne katin shiga, kuma duk abin da take yi a fili take yinsa, dattawa na zaune a gindin bishiya suna kallo. Sarkin samarin da ya wuce gona da iri, dagaci na iya kiransa a gaban mahaifinsa. Ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukuma ta gaji wannan, domin shugabanta zai koma gida hutu, kuma labarin abin da ya yi ya riga shi isa. Ƙungiyar asiri da daba sun rasa wannan idon.

Wannan ba ya nufin na yanzun ba su da aibi. 'Yan siyasa sun gane cewa shugaban ɗalibai yana da murya a garinsu, don haka zaɓen wasu ƙungiyoyin ya zama na kuɗi da fastoci, wasu kuma ba a jin ɗuriyarsu sai lokacin karrama mai riƙe da muƙami da lambar yabo. Mata ba su cika wuce kujerar mataimakiya ko ma'aji ba. Mafi muhimmanci, tsohon tsarin ya haɗa kowane saurayi a gari, na yanzu kuwa ya bar wanda bai wuce firamare ba da almajirin da ya dawo daga gabas da ɗan acaɓa a waje. Waɗannan sun koma majalisa da kulob ɗin ƙwallo da ƙungiyoyin taimakon kai da kai na unguwa, inda ake tara kuɗin gyaran famfon burtsatse ko taransifoma, a yi rabon aikin a dandalin WhatsApp. A garuruwa da dama waɗannan ƙungiyoyin ci gaban gari ne kaɗai wurin da mai digiri da mai fartanya ke zama kan tabarma ɗaya, kuma galibi a taron sallah suke haɗuwa, lokacin da ɗalibai da 'yan cin rani duk suna gida.