"Akwai Wuta": Binciken Ciwon Wayoyin Mota a Garejojin Ɗanbatta

Duk wanda ya taɓa zama a garejin masu gyaran wutar mota, waɗanda aka fi sani da 'yan rewaya, ba zai rasa jin ɗayan maganganu biyu ba, watau "akwai wuta" ko kuwa "babu wuta". Da su ake yanke wa batir hukunci, da su kuma ake aika mai mota Ƙofar Ruwa a birnin Kano ya sayo sabon kaya. A gari irin Ɗanbatta, wanda ke kan hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura, wannan hukunci ba ƙaramin abu ba ne, domin motar da ta ƙi tashi ran Lahadi, ranar da kasuwa ke ci, ta jawo wa direba asarar mako guda, in kuwa tumatir aka loda mata, to, asarar ta fi ta direba. Nufin wannan maƙala shi ne ta nuna cewa "akwai wuta" magana ce mai harshen damo, kuma yawancin gyaran da ke ɓaci daga nan yake ɓaci.

Bahaushe ya ɗora wa kalmar wuta abubuwa uku waɗanda masana lantarki suka rarrabe. Na farko ƙarfin tunkuɗa, wanda ake aunawa da folt. Na biyu yawan abin da ke gudana cikin waya, wanda ake aunawa da amfiya. Na uku kuwa ba wuta ba ne, abin da ke tare mata hanya ne, watau turjiya, ma'auninsa om, sunan Bajamushen nan Georg Ohm wanda ya bayyana dangantakar ukun a 1827. Manomin rani ya san wannan ko ba a gaya masa ba. In tiyon ban-ruwa ya toshe saura 'yar kafa, sa'an nan aka danne bakinsa da yatsa, za a ji ƙarfin ruwa sosai kamar lafiya lau. Amma da an saki sai a ga ɗigo kawai, wanda ba zai jiƙa fangali ɗaya ba. Ƙarfi yana nan, gudana ce babu. To, haka waya take.

Kayan aikin mai rewaya na asali shi ne fitilar gwaji: ƙwan fitila da waya biyu, ɗaya a jikin mota, ɗaya a wurin da ake tuhuma. Sa'an nan ga mita, wadda ke auna folt da amfiya da om. Mutane suna ɗauka mita ta fi fitila gaskiya tun da lamba take nunawa, alhali kuwa ta fi ta saurin yaudarar wanda bai san halinta ba. Mitar zamani kusan ba ta shan wuta ko kaɗan, domin turjiyar cikinta ta kai om miliyan 10. Saboda haka ko da wayar ta tsintsinke saura sili ɗaya, ko bakin soket ya yi tsatsa, mita za ta nuna folt 12.6 cif, wanda shi ne awon cikakken batir. Haka nan in aka juya ta wajen gwada ko waya a haɗe take, za ta yi ƙara ta ce a haɗe. Ba ƙarya ta yi ba, tambayar da aka yi mata ce ba ta isa ba.

Bari mu yi lissafi. Kik, watau abin da ke murza inji ya tashi, yakan ja amfiya 150 ko fiye a ƙaramar mota. A ce kan batir ya yi wannan farin gari mai ɗan kore, har ya haifar da turjiyar om 0.02, wadda mitar gareji ba za ta iya tantance ta ba. In aka ninka 150 da 0.02 za a sami folt 3. Ke nan da an murɗa makulli, folt 3 sun salwanta a kan batir tun ba su kai ko'ina ba, ga shi kuma batirin kansa yakan sauko zuwa wajen folt 10 a lokacin murzawa. Abin da ya rage bai isa ya juya inji ba, sai a ji ƙas-ƙas. Fitilun cikin mota kuwa suna ci, rediyo na magana, kowa na cewa ai akwai wuta. A nan ne ake sayen sabon kik, wani lokaci har da sabon batir, alhali ruwan zafi da burushi da sifana sun isa.

Maganin wannan yaudara shi ne a auna waya tana cikin aiki. Ana kiran dabarar awon faɗuwar ƙarfi. Maimakon a sa bakin mita ɗaya a waya ɗaya a jikin mota, sai a sa duka biyun a kan layi guda, ɗaya a farkonsa ɗaya a ƙarshensa, alal misali ɗaya a kan dalmar batir, ɗaya a kan noti na kik, sa'an nan wani ya murɗa makulli. Abin da mita ta nuna shi ne abin da ya ɓata a tsakani. Waya mai lafiya tana nuna kusan sifiri. In babbar wayar kik ta wuce rabin folt, akwai magana. Daga nan sai a riƙa matso da bakin mita gaɓa-gaɓa, har a zo gaɓar da lambar ta faɗi, ciwon yana nan tsakanin wurin nan da wanda aka baro. Lalle ne kuma a yi wa hanyar komawa irin wannan awo, domin wutar mota ta jikin ƙarfen motar take komawa batir, kuma wayar da ta haɗa inji da jiki ita ce aka fi mantawa da ita. In ka ga mota ta taka burki sigina ya ɗan haska, ko fitila ɗaya ta yi ja kamar aci-balbal, kafin ka zargi ƙwai, duba inda aka ɗaure wayar komawa.

Ƙasarmu kuwa ba ta raga wa mahaɗin waya. Ƙurar hunturu tana shiga soket, damina ta zo ta jiƙa ta, tsatsa ta kama. Zafin bazara yana busar da robar waya har ta tsage, gargadar hanyoyin ƙauye tana sassauta haƙoran soket, motar da ke kwana da buhunan gero da dawa kuma ba ta rabuwa da ɓeraye. Sauran ɓarnar hannun mutane ce: a murɗe waya biyu a naɗe da leda ba tare da dalma ba, ko fiyus ya ƙone a maye shi da silin waya ko takardar kwalin sigari. Wannan na ƙarshe ganganci ne tsantsa. An yi fiyus ne ya mutu domin waya ta tsira, wanda ya hana shi mutuwa kuwa ya miƙa motar ga gobara. Abin da ya kamata shi ne a sa ƙwan fitila a gurbin fiyus ɗin. Muddin waya tana taɓa jiki zai haska sosai, sai a bi damin wayoyi ana motsawa har a zo inda hasken ya dushe.

Akwai kuma batirin da ke kwana cike ya wayi gari babu kome. A fara auna caji: inji na aiki, mita ta nuna tsakanin folt 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. In caji daidai ne, sai a kashe kome, a cire wayar komawa ta batir, a sa mita a tsakani a kan awon amfiya, a jira na'urorin motar su yi barci. Abin da ya zarce kimanin kashi 50 cikin 1000 na amfiya ɓarawo ne, ana kuwa kama shi ta zare fiyus ɗaya bayan ɗaya.

Da yawa daga manyan masu sana'ar sun koyi aiki ne a kan Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Wannan mota tana da haƙuri. A karta waya a jikinta a ga tartsatsi, ko a cire kan batir inji na aiki don a gwada caji, galibi ta shanye. Motocin Kwatano na baya ba haka suke ba, domin kwamfuta ke sarrafa su, kuma waɗannan dabaru biyu suna iya ƙona ta nan take. Ko fitilar gwaji ma ba a kai ta kan wayoyin kwamfuta, balle masu launin rawaya na jakar iska. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci soket mai haƙora 16 na binciken ciwo, Turai ta bi baya a 2001 ga masu shan fetur, shi ya sa yanzu ake cewa a sa wa mota kwamfuta. Amma na'urar nan layi take nunawa, ba kaya ba. In ta ambaci sansa, nufinta saƙon da ke zuwa daga wajen bai yi daidai ba, ko sansar ce, ko wayarta, ko haƙorin soket da ya buɗe. Idan ma na'urar ta kasa magana da motar sam, mita ake komawa: a cire batir, a auna tsakanin haƙori na 6 da na 14 a motocin da ke da tsarin CAN, wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. Om 60 shi ne lafiya. In aka ga 120, to, layin ya yanke a wani wuri, ko ɗaya daga cikin turjiyoyi biyu da ke ƙarshensa ta fita daga aiki.