SAURIN BUGUN ZUCIYA: A FARA DUBA RANDA DA BUTAR SHAYI

Da zarar bazara ta kama, daga watan Maris zuwa Mayu, zahin rana kan wuce digiri 40 a Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram. A wanga lokaci ne ake yawan jin kuka iri guda daga bakin manoma, leburori, mata masu daka, har da ma'aikatan gwamnati: zuciya na bugawa da sauri, tamkar za ta hito daga ƙirji. Wasu su ce faɗuwar gaba ce, wasu su ɗora laihin bisa iska ko sammu. Alhali kuwa sau da yawa dalilin yana kusa: ko jiki ya rasa ruwa, ko jini ya yi ƙaranci, ko kuwa shayi da goro sun yi yawa.

Yadda ake ƙidaya bugun

Zuciyar baligi mai lahiya, in yana hutawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 cikin minti guda. Kowa na iya auna tasa. Sai ya zauna minti 5, ya aza yatsu biyu bisa wuyan hannu, daidai gindin babban yatsa, ya ƙidaya bugun har minti guda ya cika. Gudu, hushi, tsoro da zazzaɓi duk suna ƙara mata sauri, kuma ta ƙaramin yaro ta hi ta babba sauri tun asali. Amma in baligi na zaune ba ya aikin komi, ƙidaya ta wuce 100, to akwai dalili, ya kamata a neme shi.

In ruwa ya ragu

Jinin babban mutum ya kai kamar lita 5, kuma mahi yawansa ruwa ne. Mai aikin ƙarhi cikin rana yana iya zubar da zuhwa lita guda cikin awa guda. In bai mayar da ita ba, jinin da ke zagayawa ya kan ragu, abin da zuciya ke turawa ga kowane bugu ya zama kaɗan. Wanda ke shayar da dabbobi da ƙaramin guga, dole ya yawaita ja kamin komi ya cika. Haka zuciya ke yi: tana ƙara yawan bugu domin jini ya isa ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi.

Hitsari shi ne ma'aunin da kowa ke da shi. In ya yi kaɗan, launinsa ya yi duhu, jiki na bukatar ruwa. Kada a jira ƙishirwa ta yi tsanani, a riƙa sha kaɗan kaɗan tun da sahe. Tsohi ba su cika jin ƙishirwa ba, don haka wajibi ne iyali su riƙa miƙa masu ruwa ko ba su nema ba.

Zawo da amai sun hi haɗari, domin suna hita da ruwa tare da gishirin jiki, wato sodiyam da potasiyam, waɗanda ke daidaita bugun zuciya. Maganinsa ƙunshin SRO ne da ake samu gidan likita, a narka shi cikin lita 1 na ruwa mai tsabta. In babu shi, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1, a shahe bakin cokalin, kada a tula.

Daga 2019 zuwa 2022 azumi ya faɗo cikin tsakiyar bazara. A ranar 3 ga Afrilu 2024, ana cikin azumi, zahi ya kai digiri 48,5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Mai azumi cikin irin wanga yanayi ya rarraba shan ruwansa tsakanin buɗa baki da sahur, ya haɗa da dabino, kankana, kunu ko hura da nono. Marar lahiya kuwa, addini ya yi masa rangwame.

Shayi, goro da kafe

Ganyen shayi, goro da kafe duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, mai korar barci da zaburar da jiki. In an sha daidai wa daida, ba ya cutar da yawancin mutane. Sai dai jiki ba ɗaya ba ne. Akwai wanda gilashin farko na shayi, wanda ya dahu ya yi ɗaci, ya isa ya sa zuciyarsa gudu da hannunsa rawa, balle in ya sha shi da yunwa, ya bi shi da goro da taba. Haka lemun gwangwani da samari ke sha don ƙarin kuzari, haka kuma giya. Wanda ya ga alamar, ya rage su mako biyu, yana ƙidaya bugun kullum. Lissahin da ya samu zai nuna masa gaskiya.

Ƙarancin jini

Binciken lahiyar jama'a da aka yi a Nijar cikin 2012 ya nuna kusan mace 1 cikin 2 masu shekarun haihuwa tana fama da ƙarancin jini. Jinin da ya yi rauni ba ya ɗaukar isasshiyar iska, sai zuciya ta ƙara gudu don cike giɓin. Alamunsa su ne kasala, jiri, haki bayan ƴar tahiya, da farin ido in an ja fatarsa ta ƙasa.

Jini na bukatar sinadarin ƙarhe. Ana samunsa cikin hanta, nama, kihi, wake, gero da ganyaye kamar zogale. Lemu da tumatir suna taimakon jiki ya karɓe shi, shayi kuwa yana hana shi shiga in an sha shi tare da abinci. Ya hi kyau a bar awa guda tsakanin akushi da buta. Mace mai ciki ta riƙe ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta wurin awo, kada ta yar da su. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ma suna cinye jini, abinci kaɗai ba ya maganinsu.

Lokacin da ba a jira

Ba kowane saurin bugu ne ruwa ke kwantarwa ba. Ciwon zuciya da ciwon maƙoƙo mai sa rama suna kawo shi. In ya zo da ciwon ƙirji, suma, ko sarƙewar numfashi, ko bugun ya rikice yana tsalle, ko an huta an sha ruwa bai lafa ba, a tahi gidan likita nan take. Mai jego da ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya don haki, kada a ƙara mata kunun kanwa, domin kanwa da gishiri suna tara ruwa cikin jiki su nauyaya wa zuciya. A kai ta likita ranar nan. Mai ciwon zuciya ko na ƙoda kuma, likita ne ke ƙayyade masa yawan ruwan da zai sha.

Aikin malaman yaƙi da jahilci, shugabannin ma'aikatu da masu unguwanni ne su isar da wanga bayani, su kuma tabbatar akwai randa da inuwa duk inda ake aiki cikin rana. Rigakahi ya hi magani.