Yadda Masu Ƙaramin Ƙarfi Ke Haɗa Motar Tsere A Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani irin tseren motoci wanda tun kafin ɗan kallo ya gyara zama an riga an gama shi. Motoci biyu ne ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a bisa miƙaƙƙiyar hanya, ba kwana ba gargada, kuma da zarar fitila ta nuna kore sai su zabura. Wadda ta riga kai ƙarshen rubu'in mil, wato mita 402, ita ce ta ci.

Wannan wasa ya samo asali ne daga samarin Kalifoniya, waɗanda bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka mai da titunan gari fagen gwada gudu, abin da ya jawo hasarar rayuka. Don a raba su da titi ne wani mutum mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951, aka tanadi filaye, aka kuma shimfiɗa dokoki. Shekaru da dama manyan motocin Amurka masu silinda takwas su ne suka mallake fagen, kuma dukansu da ƙafafun baya suke tura kansu.

A cikin shekarun 1980 sai ga wasu samari a kudancin Kalifoniya, da yawansu 'ya'yan mutanen Asiya ne, waɗanda abin da hannunsu ya kai gare shi bai wuce ƙananan motocin Japan irin su Honda Civic ba. A 1990 Frank Choi ya shirya musu gasa tasu ta kansu a garin Palmdale, aka sa mata suna Battle of the Imports, wato karon motocin da aka shigo da su daga waje. Daga nan ne aka fara ɗaukar motar da ke ja da ƙafafun gaba a matsayin abokiyar karawa.

Matsalar Ƙafafun Gaba

Duk wanda ya taɓa shiga mota aka fizge ta da ƙarfi ya san yadda bayansa ke mannewa da kujera. Haka nauyin motar ma yake komawa baya. Ga mota irin Peugeot 504, wadda ƙafafun baya ke turawa, wannan riba ce, domin nauyin yana danne tayoyin da ke aiki su ƙara kama ƙasa. Amma ga Civic hasara ce: gaba yana ɗagawa, tayoyin da ke ja suna rasa nauyi, sai su yi ta wulwulawa a wuri ɗaya suna hayaƙi, abokin karawa kuwa ya yi nisa. Saboda haka mai haɗa irin wannan mota, tun kafin ya yi zancen ƙarfin inji, abu biyu ne a gabansa: rage nauyi, da sa tayoyin gaba su kama kwalta.

Aikin yana farawa ne daga zaɓen mota. Waɗanda aka fi so su ne Honda CRX, wadda aka ƙera daga 1983 zuwa 1991, wasu nau'o'inta ba su kai kilo 900 ba, da kuma Civic mai ƙofa uku ta 1992 zuwa 1995. Masu lafiya a cikinsu sun yi tsada yanzu, don haka mai neman sauƙi yakan nemi wadda injinta ya mutu ko kujerunta suka yage, muddin dai ƙashin jikinta bai yi tsatsa ba kuma bai taɓa lanƙwashewa a haɗari ba.

Daga nan sai a shiga tuɓe ta. A fitar da kujerun baya da ta fasinja, da kafet, da rediyo, da iyakwandishan, da safayar taya, har da baƙin ƙaron da kamfani ke shafawa a ƙasan mota don rage ƙara. Masu wannan sana'a suna da lissafin da suke bi, cewa duk kilo 45 da aka rage yana rage kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma a irin wannan tsere tazarar nan ta isa ta raba mai ci da wanda aka kayar. Wannan gudu ne da ake samu ba tare da kashe ko kwabo ba, hasali ma kayan da aka cire ana sayar da su a sayi wasu. Sai dai ana lura ƙwarai a fi rage nauyin daga baya, a bar na gaba inda ake bukatarsa.

Kuɗin farko kuwa kan taya ake kashe shi. Ana sa wa gaba faffaɗan tayoyi masu laushi marasa zane, a rage musu iska don su baje a ƙasa, baya kuma a sa sirara marasa nauyi. Ana ƙarfafa sifirin da shokazoba na baya don kada motar ta tsuguna idan an fizge ta. A cikin giya ana sa wata na'ura mai hana ƙafa ɗaya wulwulawa ita kaɗai, sannan a canza kuloci da shaf ɗin ƙafafun gaba zuwa masu ƙarfi, domin da zarar taya ta fara kamawa sosai su ne ke fara karyewa. A ƙarshen shekarun 1990 Ed Bergenholtz ya shahara da ɗaura wa bayan CRX ɗinsa dogayen sanduna masu 'yan ƙananan ƙafafu, waɗanda ke tokare ƙasa su hana gaba ɗagawa, kuma ba da jimawa ba dabarar ta bazu.

Inji Da Tsaron Rai

Sai an gama waɗannan ake waiwayar inji. Abin da ya taimaki talakan wannan fage shi ne injunan Honda na wancan zamani suna shiga jikin juna ba tare da wahala mai yawa ba. Injin B16A, wanda ya fito a 1989, lita 1.6 ne kacal amma yana ba da ƙarfin doki 160, kuma ana samun irinsa da na Integra a wurin masu sayar da kayan motocin da suka yi haɗari. Mai ɗan hali yakan ƙara turbo, wato na'urar da ke amfani da hayaƙin salansa ta cusa wa inji ƙarin iska. Civic ɗin da kamfani ya fitar a wancan zamani takan ɗauki kimanin daƙiƙa 16 ko fiye kafin ta gama rubu'in mil, amma kafin shekara ta 2000 Stephan Papadakis ya gama shi a ƙasa da daƙiƙa 10 da Civic ɗin da aka gina ƙashinta da bututun ƙarfe.

Akwai wuri guda da ba a yarda a yi tsimi ba. A dokokin NHRA, wanda zai yi gudun da ya kai daƙiƙa 13.99 ko ƙasa da haka dole ya sa hular kwano. Tsohuwar motar da aka yi wa gyare-gyare, idan ta sauko 11.49 sai an yi mata waldar ƙarfen kariya a bayan direba, idan ta kai 9.99 sai an kewaye shi da kejin ƙarfe, idan kuma gudunta ya kai mil 150 a sa'a sai an ɗaura mata lema ta taimaki birki. Ana duba kowace mota kafin a bar ta ta shiga fili, kuma wadda ta gaza sai mai ita ya koma gida, kome yawan kuɗin da ya kashe.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. Motar da aka tuɓe ta rasa yawancin abin da ke kare mai ita, kuma tayoyin nan marasa zane ba su kama ƙasa mai ruwa ko kaɗan. A filin tsere akwai katanga da motar asibiti da masu kashe gobara, a titin gari kuwa akwai yara da masu tallar abinci. Shi ya sa da yawa daga cikin ƙwararrun wannan wasa ke ɗora motarsu a bayan tirela su kai ta fili, su kuma mayar da ita gida haka nan bayan an tashi.