Randolph Quirk: Malamin da Ya Kasa Kunne Kafin Ya Rubuta Nahawu

Duk ɗalibin da malamin Ingilishi ya taɓa soke masa jimla da jan biro yana da damar ya yi tambaya: shin wane ne ya kafa wannan doka? Shekaru aru-aru marubuta nahawu ne ke yanke hukunci bisa ra'ayinsu, sau da yawa ma suna auna Ingilishi da ma'aunin harshen Latin. Shehun Malami Randolph Quirk bai gamsu da haka ba.

An haife shi a 1920 a tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ailan, kuma ya fara suna ne wajen nazarin tsohon Ingilishi. A 1959 ya kafa wani shirin bincike mai suna Survey of English Usage, wanda mazauninsa ya kasance Kwalejin Jami'a ta Landan. Manufarsa ita ce a bi hanyar kimiyya: a tara hujja tukuna, sannan a fitar da ƙa'ida.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. An tattara matani 200, kowanne mai kalmomi 5,000, jimla kalma miliyan ɗaya, rabi rubutattu, rabi maganar baka. An ɗauki hirar mutane a na'ura, wani lokaci ba da saninsu ba don kada su gyara bakinsu, abin da ƙa'idojin bincike na yau ba za su lamunta ba. Daga nan sai a rubuta kowace kalma, har da ɗagawar murya da ɗan shirun da mai magana ya yi. Da yake kwamfuta ba ta wadata ba, a kan ƙananan takardu aka yi ta nazarin, ana jera su cikin durowa. Sai daga baya Jan Svartvik na Jami'ar Lund a Suwidin ya shigar da sashen maganar baka cikin kwamfuta.

Quirk da Svartvik da Sidney Greenbaum da Geoffrey Leech suka fitar da babban littafin nahawu a 1972, suka kuma faɗaɗa shi a 1985 da sunan A Comprehensive Grammar of the English Language, mai shafi fiye da 1,700. A ciki mai karatu zai tarar, alal misali, cewa kalmar "shall" da aka sha wahalar da ɗalibai a kanta ba ta cika fitowa daga bakin masu harshen ba. Taƙaitaccen littafin da ya rubuta da Greenbaum a 1973, A University Grammar of English, sananne ne ga malaman Ingilishi da yawa a Nijeriya.

Sai dai bai tsira daga suka ba. A 1990 ya yi rubutu yana cewa daidaitaccen Ingilishi ya kamata a koyar a ƙasashen da harshen ba na gado ba ne, domin shi ke buɗe wa ɗalibi ƙofa. A 1991 Braj Kachru, ɗan asalin Indiya, ya mayar da martani cewa Ingilishin irin waɗannan ƙasashe yana da nasa tsari. A ganina, a nan hanyar Quirk ta fi ra'ayinsa hangen nesa, domin da irin dabararsa Greenbaum ya kafa taskar Ingilishi ta ƙasa da ƙasa, wadda daga baya aka tattara wa Ingilishin Nijeriya sashe a cikinta.

Quirk ya shugabanci Jami'ar Landan daga 1981 zuwa 1985, ya rasu a 2017 yana da shekara 97.